Reshen Cediya Daga Garin da Ruwa Ya Ci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga autata Hajara, wadda bakina bai taɓa iya kiran sunanta ba sai yau a takarda, don sunan mahaifiyata ne. Uwata, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare motar da kike ciki gaba da baya, Ya kiyaye ku daga sharrin ƙarfe da na mutum, Ya sauke ku lafiya.

Gobe idan na miƙa miki ita a tashar Kwanar Dangora, zan ce kada ki buɗe sai kun shiga dajin Falgore. Na san halinki, ko Tudun Wada ba za ku kai ba kin farke ambulan. Ba komai, gado ne, ni ma ban taɓa iya jiran tuwo ya huce ba.

Kwana uku ke nan ina fama da ita a gindin cediyarki, tsakanin azahar da la'asar, da biron da na ɗauka a jakarki ban tambaya ba. Ummanki tana wucewa tana ƙunshe dariya, wai rabon da ta ga na riƙe biro tun ina neman aurenta. Da baki ya kamata in yi miki maganar, amma duk sanda na ɗauko ta sai in ɓige da tambayarki ko kin sayi sabulu.

Ga abin da ya sa ni rubutu. Ranar Talata Ummanki ta shaida min abin da kika ƙulla a ranki. Wai za ki je jami'a ki yi shekara ɗaya a karatun gandun daji da itatuwan cikin gari, wanda kika nema da kanki kika samu, sannan ki roƙa a sauya miki zuwa wani fanni, ko wanne ne, don raina ya yi sanyi. Tun da na ji, abinci bai ƙara yi min daɗi ba. Uwata, kada ki sauya. Saƙon ke nan gaba ɗayansa. Sauran abin da ke ƙasa kurakuraina ne, na jera miki su don ki ga irin mutumin da kike shirin barin karatunki saboda shi.

Zan fara da na bayan nan, don shi ne bai huce ba. Ranar da takardarki ta shiga jami'a ta fito, muna zaune a majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, Alhaji Barau, wanda ɗansa ke karatun likita, ya dube ni ya ce, "Malam Audu, wai me autar taka za ta karanto mana ne?"

Na ce, "Itace."

Ya ce, "A'a! Itace kuma har sai an je jami'a? Turo ta wajen 'yan gawayi mana, sati biyu sun yaye ta."

Aka kwashe da dariya. Da shiru na yi da an wuce wurin. Amma dariyar ta yi min daɗi, na so a ce ni ma ina ciki, sai na ƙara da cewa, "Ai na faɗa mata, in dai itace ne ga gatarina nan a bayan ƙofa, kyauta." Ina ɗaga kai na gan ki kina wucewa daga Islamiyya, kin rungume littattafai, kin sunkuyar da kai. Kin ji, na kuma san kin ji. Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar kina durƙusawa ki gaishe ni yadda kika saba, amma ba ki ƙara kawo min ganye a tafin hannu kin ce, "Baba, wannan na mene ne?" ba. Ban san ina son tambayar nan ba sai da ta ɗauke. Ki yafe min, Uwata. Kuma ki riƙe wannan: a can ma za ki tarar da masu yi wa karatunki dariya, har cikin 'yan ɗakinku. Ki bar su su dara. Amma ke kada ki taɓa sayen dariyar majalisa da zuciyar naki, na saya na ga tsadarta.

Raini kuwa ba ya faɗowa daga sama, yana da saiwa. Bari in tono miki tawa.

Ina ɗan shekara tara aka ce ruwan dam ɗin Tiga zai ci garinmu, kowa ya kwashe. Abin da na fi tunawa da garin nan ba gidaje ba ne, inuwa ce. Mutum yakan taso daga ƙofar gidanmu har kasuwa rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba sai a wuri biyu, mu yara mun san wuraren, da gudu muke tsallake su saboda zafin rairayi. Ko kwatance da itace ake yi. In baƙo ya tambayi gidanmu sai a ce masa, wuce tsamiyar mahauta, ka bar rimin kasuwa a hagu, in ka kai ƙiryar maƙera ka duba gabas, gidan da ke da cediya a ƙofa. A ƙarƙashin cediyar nan aka raɗa min suna, a nan kakanki Malam yake shimfiɗa buzunsa ya yi karatu.

Ranar da babbar mota ta zo, kowa na ta jidar gado da turmi da tukwane da kaji, sai aka nemi Malam aka rasa. Can aka hango shi a kan cediya da adda. Ya sauko da reshe mai kaurin damtse, ya naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu, ya hau mota ya riƙe shi tsakanin gwiwoyinsa. Direba ya ce, "Haba Malam, har itacen girki sai an ɗauka daga nan? Can ma akwai daji."

Malam ya ce, "Wannan ba na wuta ba ne. Ɗan gida ne."

Da muka sauka a sabon matsuguni nan ƙasar Bebeji, fili ne fetal, an ture komai. Kafin Malam ya aza tubali ɗaya sai da ya kafa reshen nan a inda ya ce nan ne ƙofar gida. Mahaifiyata tana kwana a bukka tana mita, shi kuwa yana ɗauko ruwa a tulu daga nesa yana ba sanda. Mutane suka ce tashin ya taɓa shi. Kafin in yi aure, rabin unguwa a gindin sandar nan suke shan iska.

To kin ga gidan da na fito. Abin da ya raba ni da itace malamin daji ne. Da na yi ƙarfi na samu aron gona wajen Doguwa, can nake yin damina. A zamanin malamin daji abin tsoro ne, da kakinsa da kekensa da ɗan littafinsa. Wata rana na sari reshen marke guda ɗaya zan yi ƙotar fartanya, sai ga shi kamar an jefo shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙota ce kawai, kuma a cikin gonar da nake nomawa." Ko kallona bai yi ba. Ya karɓe gatarin, ya yi rubutu, ya sa ni a gaba har ƙofar dagaci, mata na leƙe ta kan danga. Ba tarar ce ta dame ni ba, tafiyar nan ce a gaban keke.

Daga nan muka yi dabara, ni da maƙwabtan gona, muna ganin mun yi wayo. Muka ce itacen da bai girma ba ba shi da malami. Duk bazara in mun zo sassabe, kowane ɗan gawo, kowace 'yar ɗorawa ko kaɗanya da ta leƙo, kafin ta kai gwiwa mun sare ta. Shekara da shekaru ina wannan aiki, har yabo nake sha wai gonar Audu ko tsinke babu. Yau ki je ki ga gonar, iska ta kwashe fuskarta, ruwa ya yi mata kwari uku, matan wajen kuma kalwa sai sun saya a kasuwar Tudun Wada. Shi malamin yana ganin tsaron daji yake, mu muna ganin tsaron mutuncinmu muke, tsakaninmu muka cinye dajin ba wanda ya ƙoshi. Uwata, wata rana ke za a ba littafin nan. In kin je unguwa ki yi sallama, ki gaida mutane, ki zauna in an ba ki tabarma, ki tambaya kafin ki rubuta. Itacen da mutane ke tsoro saboda hukuma tun yana ƙarami suke kashe shi. Wanda suka san nasu ne, ko akuya ba sa bari ta shinshina.

Akwai wani kuma, wannan ma da ban dariya, in ba ni ne na yi ba. Kafin a haife ki aka shirya dashen itatuwa a bakin titi daga Kwanar Dangora. Manya suka zo da motoci da lasifika, kowa ya dasa ɗaya, aka ɗauki hoto, aka tafa, suka tafi. Sauran aka raba mana mu ƙarasa, kowa da yankinsa. Ranar kuwa kasuwa ke ci, albasata tana jira a buhu. Sai na riƙa jefa 'yan darbejiyar nan a rami da baƙar ledarsu, ina turbuɗa ƙasa da ƙafa, ina cewa ai saiwa za ta huda da kanta. Ban ƙara waiwayarsu ba. Gobe da kun bar tasha ki duba ta taga. Za ki ga darbejiya 'yan ƙalilan a jere, manya, mutane na zaune a ƙasansu. Na wani tsoho mai faci ne da yankinsa ke kusa da nawa. Shi ya yage ledar, ya kewaye su da ƙaya, kullum in zai tashi ya juye musu ruwan bahon da yake gwada tayu. Da kun wuce su za ki ga fili mai tsawo, rana na dukan ƙasa. Wannan na ubanki ne. Dashe aikin yini ɗaya ne, kowa ya iya, har mai babbar riga. Reno shi ne aikin, kuma ba a ɗaukarsa a hoto. In an tambaye ki itace nawa kika dasa, ki ce a dawo bayan rani uku a ƙirga.

Yanzu na zo kan wanda nake ta kewaye-kewaye don kada in zo kansa.

Kina da shekara biyar na rushe tsohon soronmu na ƙasa na gina na siminti, na matso da shi taku uku daga gindin cediyar Malam don in ƙara faɗin gida. Ba a jima ba bango ya tsage. A lokacin kuma ina son wurin da zan kafa injin niƙa a bakin hanya. Na samu Malam na ce, "Malam, saiwar nan za ta kayar mana da soro."

Ya ce, "To a matsar da soron."

Na ce, "Soron siminti, Malam?"

Ya ce, "Audu, soro kai ka gina. Ita tarar da ita ka yi."

Gaskiya ya faɗa, ni na kai bango wurin saiwa, ba saiwa ce ta zo wurin bango ba. Amma a lokacin gani nake tsufa ne. Na jira ranar da ya tafi ta'aziyya Kiru, na kirawo masu injin yanka. Abin da ya shekara kusan arba'in yana tashi, kafin azahar yana ƙasa. Na tuna kurciyoyi suna ta kewaya sararin wurin suna neman inda za su sauka. Da la'asar Malam ya sauko daga mota, ya tsaya da sandarsa ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Audu, ka gama?"

Na ce, "Na gama, Malam."

Ya ce, "To, sannu da aiki."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ya naɗe buzunsa ya shiga da shi cikin gida, ya shimfiɗa a ƙofar ɗakinsa, daura da lungun awaki. Bai ƙara zama a waje ba har ya bar duniya. Na kafa injina a ƙarƙashin rumfar kwano, zafi kamar a bakin murhu. Majalisa ta watse ta koma ƙofar masallaci. Injin ma bai yi ƙarko ba, kin san dai yanzu kaji ke kwana a rumfar. Wannan shi ne abin da nake so ki karanto mana, Uwata: wane itace ake sa wa kusa da gini, wane ne ke son sarari, taku nawa za a bari tsakanin saiwa da bango ko bututun ruwa. Da akwai mai wannan sani a garin nan a lokacin, da soro da cediya duk suna tsaye.

Bayan 'yan kwanaki Malam ya kira ni ya ce, "Ruwa ya ja yanzu. Sa ni a kwale-kwalenka ka kai ni tsohon gari in ga uwar cediyar nan." Kin san in bazara ta yi tsanani ruwan dam yakan sauka har kawunan itatuwan garinmu su fito. Na ce to, sai na gama kafa inji. Na gama, na ce sai na kwashe tumatir. Ruwan sama ya sauka, dam ya cika, na ce sai baɗi in Allah Ya kai mu. Da kaka Malam ya rasu. Da na sani ƙeya ce. In tsoho ya roƙe ki abin da bai fi yini ɗaya ba, ki ajiye abin da ke hannunki ki yi masa a ranar.

Da bazara ta zagayo na tafi ni kaɗai. Na yi shekaru ina kamun kifi a ruwan nan, amma kullum kauce wa wajen nake don kututtura na yaga komar kamun kifi. Ran nan da hantsi na tuƙa har tsakiya na ajiye filafili. Ruwan ya kwanta luf, ba iska. Gidajen ƙasa duk sun narke, ko alamar katanga babu. Masallaci babu, kasuwa babu. Itatuwa ne kaɗai suka tsaya, baƙaƙe, ba ganye, balbelu a kansu. Na gane tsamiyar mahauta da karkacewarta. Rimi ya daɗe da ruɓewa, amma na bar gurbinsa a hagu yadda ake kwatance, na kai ƙiryar maƙera, na juya gabas. Sai na ga kamar ina tafe a ƙasa ba a ruwa ba. Na leƙa, ga 'yan kifaye suna shiga rassa suna fita yadda tsuntsaye suke yi a da. Wallahi har na ji kamar ana daka a wani gida, na ji ƙamshin daddawa, na ji mahaifiyata tana kirana in zo in kore awaki. Ban san iya lokacin da na yi a haka ba, kwale-kwale yana juyawa da ni a hankali.

Da na kai inda ƙofar gidanmu take, ban ga komai ba sai ruwa. Cediya ba ta da ƙwarin tsamiya, ta daɗe da tafiya. A nan na gane cewa wadda na sare ita ce ta ƙarshe. Abu ɗaya tak da ya fito da rai daga garin nan ban da mutane da dabbobi, ruwan Tiga bai ci shi ba, ni na ci shi. Na kifa kaina a gwiwa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na dawo gida ko kifi ɗaya babu, na tarar da rigima. Kin kwance akuyar Ummanki daga turke, ta je ta zubar da tsakin da aka shanya, Ummanki tana faɗa, ke kuma kin tsaya a gaban turken kin ware hannuwa kina kuka. Na ce, "Ke kuma me ya kai ki?"

Kika ce, "Baba, cinye wa turken ganyensa take yi. Kullum ya fito da shi sai ta cinye."

Na ce turke kuma da ganye? Na matsa na duba. A can saman sandar, inda bakin akuya bai kai sosai ba, ga toho guda uku, 'yan mitsi-mitsi, masu sheƙi. Ganyen cediya ne. Shekara guda ina wucewa ta gaban turken nan safe da yamma ban gani ba, sai 'yar shekara shida ce ta gani. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A gidanmu dai ran nan an samu akasi. Ke kika jawo ƙaya kika kewaye shi, har ta soke ki a tafin ƙafa, ke kika riƙa ba shi ruwa da gwangwanin madara. Shi ya sa kowa ke cewa cediyar Auta. A inuwarta nake wannan rubutu, yanzu ma ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya faɗo min a kan takarda, ga tabonsa nan a gefe.

Duk shekarun nan na ɗauka sa'a ce, cikin itacen da aka tara aka zari ɗaya aka yi turke, Allah Ya raya shi. Sai ranar Talatar nan, da Ummanki ta gama ba ni labarinki, ta ce, "Baban Auta, kai har yau kana tsammanin turken nan da kansa ya san sama da ƙasa?"

Na ce, "Kamar yaya?"

Ta ce, "Ranar da ka sare ta, Malam ya kira ni ya ce, 'Yarinya, zaɓo min reshe mai kaurin damtse kafin ya bushe. Ki duba idon ganye, kan ya kalli sama, in kin juya shi ba zai kama ba. Ki kafa a lungun awaki ki ɗaure masa akuya, in ba haka ba mijinki murhu zai kai shi.' Ka ga ya dawo da buzunsa ciki, ka ce fushi ne. Gadi yake yi. Ba ka lura a gindin turken yake alwala sau biyar a rana ba?"

Na lura, Uwata. Na ɗauka ƙafa ce ta gaza kai shi nesa. Ashe su biyu sun ɓoye min itace a tsakar gidana, ke kuma kika karɓa daga hannunsu ba tare da kowa ya ce miki komai ba. To ki faɗa min, wane ne ni da zan tsaya tsakaninki da wannan karatu? Tun kafin jami'a ta ba ki takarda kakanki ya ba ki.

Kwanakin nan in na kishingiɗa a nan bayan azahar, tsakanin barci da ido biyu, wani gari nake gani. Babba ne kamar Kano, da motoci da benaye, amma an yi masa inuwa irin ta tsohon garinmu. Yara na tafiya makaranta ba sa gudun zafin ƙasa. Mai shayi da mai gyaran takalmi da mai jiran mota kowa da bishiyarsa. Asibiti da maɗaci a harabarsa, masu jinya na zaune a ƙasa suna shan iska. Ana yi wa baƙo kwatance ana cewa ya wuce tsamiya ya juya a durumi. Sai in hango wata mata da hijabi da takalmin aiki da littafi a hannu, tana tafe tana taɓa jikin itatuwa ɗaya bayan ɗaya, mutane na tasowa suna gaishe ta, ba wanda ke ɓoye gatari. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma tafiyar mahaifiyata take yi.

Sauran nasiha kin ji ta wurin Ummanki, ba zan maimaita da yawa ba. Ki riƙe salla a kan lokacinta ko kuna cikin daji. Ki ci abinci kafin ki fita, na san ki da wasa da ciki. Ki zaɓi ƙawa wadda za ta tashe ki karatu. Ki girmama malamanki, amma in sun ba ki sunan itace da yaren littafi, ki rubuta na Hausa a gefensa, ki kuma tambayi tsofaffin mata abin da ake yi da ganyensa da saiwarsa, akwai abin da ba a kai ga rubutawa ba tukuna. In karatu ya yi tsauri, zai kuwa yi, ki yi kukanki ki share hawaye ki koma aji. In wata rana ke da kanki kika ga fannin bai karɓe ki ba, wannan magana ce daban, sai mu zauna. Amma kada ki bar shi don ni. Raina ba zai yi sanyi da hakan ba, sare cediya ne karo na biyu.

A but ɗin motarku akwai wani dogon ƙunshi a jiƙaƙƙen buhu, zan sa a ajiye shi a gefen akwatinki. Reshe ne daga cediyarki, da asuba zan sare shi, na riga na zaɓa, kaurin damtsena. Zan ɗaura jan zare a kan da zai kalli sama, kada ki juya shi. In kun tsaya salla ki yayyafa wa buhun ruwa. Ba zai wuce mako yana jiranki ba, don haka kada ki ce sai kin gama rajista, kada ki ce sai kin huta. Ki samu malamanku ki roƙi wuri, nesa da bango, nesa da bututu, ki auna taku ashirin ko fiye, kada ki yi irin ta ubanki. Ki haƙa rami har gwiwa, ki kewaye shi da ƙaya.

Na tambaya an ce min karatunku shekara biyar ne. Dashe ba a barinsa a shekara ɗaya, yana son mai shi a kusa rani bayan rani. Shekara biyar kuwa daidai lokacin da cediya ke fara inuwar mutum guda ke nan. Ranar da za ku gama, in Allah Ya ara mana rai, zan zo. Kada ki wahalar da kanki neman min kujera a rumfar manyan baƙi. Buzun Malam yana nan a rataye a ɗakina, da shi zan taho, ke dai ki nuna min wurin. In kuma ban kai ba, Ummanki ta san inda yake, ki karɓa ki shimfiɗa ki zauna, ki yi mana addu'a ni da shi.

In direba ko wani fasinja ya yi miki dariya ya ce har itacen girki kike ɗauka zuwa jami'a, kin san amsar da za ki ba shi.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Allah Ya buɗe ƙirjinki, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya haɗa ki da malamai na gari da abokan zama na gari. Allah Ya tsare mutuncinki da imaninki, Ya raba ki da sharrin dare da na rana, Ya sa mutane su sha inuwarki na kusa da na nesa. Allah Ya jiƙan Malam da mai sunanki, Ya sanyaya makwancinsu. Ummanki da yayyenki suna gaishe ki. Na ba ki amana ga Allah wanda amanarsa ba ta tozarta. Ya kai ku lafiya, Ya sa ku kama ƙasa, ke da ɗan gidan da ke tare da ke.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Audu